Ambulan na Ashirin da Uku: Jinjina ga Malama Ya Kura Bunu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe adaidaita sahu yake sauke ta a ƙofar cibiyar, nan gindin duwatsun Kazaure. Kafin ka gan ta za ka ji ƙanshin turaren wuta, domin Malama Ya Kura Bunu, ko da yake a garin nan aka haife ta, ba ta yar da al'adar kakanninta na Borno ba. Lafaya a naɗe, jaka a hannun dama, a hammatar hagu kuma wani tsohon gwangwanin biskit mai ɗan kwaɗo, wanda ya girmi wasu daga cikin ɗalibanta. Za ta gaisa da mai gadi, ta wuce aji, ta goge teburinta da kanta, ta ɗora gwangwanin a tsakiya, sannan ta zauna tana jiran irinmu makararru.

Cibiyar tana horar da matasan da ake turawa ƙauyuka da wayar aiki su tattaro bayanai: yara nawa aka yi wa rigakafi, rijiya nawa ta ƙafe, me aka noma bana. Kwas ɗin wata shida ne. Duk wanda ya zo, kwamfuta ya zo koyo, ya iya jera lissafi da zana taswira, ya samu takardar shaida. Darasin Malama kuwa, wanda aka rubuta a jadawali da sunan ɗa'ar riƙon bayanan jama'a, mu 'yan ajinmu da farko mun ɗauke shi lokacin fita shan shayi ne. Ni Musaddiƙ, mai rubuta wannan, ina cikin waɗanda suka fi raina shi.

Shekara ashirin da ɗaya ta yi a ɗakin ajiye katin marasa lafiya kafin a dawo da ita koyarwa, ta ƙara sha huɗu a aji. Alhamis ɗin da ta wuce ta yi ritaya. Ba ta taɓa fitowa a rediyo ba, babu titi mai sunanta, kuma da na ce zan yi rubutu a kanta, cewa ta yi in nemi aikin yi.

Ba ta cika rubutu a allo ba. Kwaɗon nan take buɗewa, ta zaro ambulan guda, ta karanta abin da ke ciki. Kowane ambulan labari ne na gaske da ya faru da wani ma'aikaci, sai dai ta canza suna, ta canza gari, ta canza duk abin da zai sa a gane mai shi. In ta gama sai ta naɗe takardar ta ce, "To, alƙalai, ku yanke."

Ba na mantawa da na farko da ta karanta mana. Wata ma'aikaciyar ɗakin kati ce ta ga sunan 'yar unguwarsu cikin masu zuwa karɓar magani duk wata. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar kasuwa ta haɗu da surukar matar, suka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi yara, sai ta ƙara da, "Ya mai jiki?" Surukar ta tsaya ta ce, "Wace mai jikin?"

Haladu, wani ɗan Babura da bakinsa ba ya hutawa, ya yi tsalle ya ce, "Haba Malama, gaisuwa ce fa! Da ba ta tambaya ba, sai a ce ba ta da zumunci."

Zara, wadda take zama a layin gaba, ta juyo ta ce, "A ina ta san matar ba ta da lafiya? A unguwa ko a kati?"

"To ai dai ta sani."

"Sanin ba nata ba ne, Haladu. Na aikinta ne."

Aji ya kaure. Malama ta bar mu muka yi ta musu har muka gaji, sannan ta yi tambayar da daga baya ta zama sunanta a bakin ɗalibai. Ta ce, "Mai shi ya sani? Matar nan ta san ciwonta zai je kasuwa?" Daga ranar, duk wanda ya ɗauki bironka ba izini sai ka ji an ce masa, mai shi ya sani? Muna yi da wasa, ba mu lura ba ashe tambayar tana zama a kanmu. A bayan idonta kuwa Malama Mai-shi-ya-sani muke ce mata, kuma na tabbata ta sani.

Yanzu bari in zo kan ambulan na ashirin da uku, domin shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya yi kwas ɗin nan cikin shekara takwas da suka wuce ya san labarin wata Sadiyya da ta zana taswirar raƙuma. To, babu Sadiyya, babu raƙuma. Shanu ne, kuma ni ne.

A watan ƙarshe na kwas ɗinmu, bayan an yi girbi, aka tura mu aikin gwaji a rugage bakwai tsakanin Gwiwa da Roni. Likitocin dabbobi za su zo allurar ciwon huhu, suna son sanin yawan shanu don su san yawan maganin da za su ɗauko. Wanda bai san Fulani ba zai ce wannan ƙaramin aiki ne. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Wani tsoron kambun baka yake yi, wani bai manta labarin jangali da ya ji a bakin kakansa ba, kuma a shekarun nan ga ɓarayin shanu sun ƙara wa kowa dalili. Kwana biyu muna yawo, duk wanda muka tambaya sai ya ce, "Alhamdulillahi, akwai 'yan kaɗan."

Rana ta uku Malama ta zo da kanta wurin Ardo Daudu, babban rugagen. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun daga nesa Ardo ya fara.

"Wa ya kawo mini Babarbariya ruga? Ke me kika sani game da saniya ban da shan nononta?"

"Na san wanda zai zauna yana kuka idan ciwon huhu ya shigo garke," in ji Malama. "Kuma ba ni ba ce."

Aka yi dariya, aka shimfiɗa tabarma. Sun fi awa biyu suna magana. Ta gaya masa wanda zai ga lissafin, da abin da za a yi da shi, da ranar da za a goge shi. Ta ce in ya ƙi, babu mai hana shi allura. A ƙarshe Ardo ya ce, "Ke na ba wa, ba wayar ba." Ya matso kusa da ni ya faɗi adadin ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin sunan surukinsa. Da sauran suka ga Ardo ya yarda, su ma suka yarda.

Ni ne gwanin kwamfuta a ajinmu, kuma na san da haka, wanda shi ne matsalar. Wayar aikin tana ɗaukar daidai wurin da mutum ya tsaya. Ranar Asabar da la'asar na zauna na haɗa taswira mai kyau: ga hanya, ga tafki, ga dutse, kowace ruga da jan ɗigo, girman ɗigo gwargwadon girman garke, da adadin a gefe. Na cire sunayen mutane tas, na yaba wa kaina da cewa na kiyaye darasin Malama. Sai na tura ta guruf ɗinmu na WhatsApp mai mutum arba'in da uku, na zauna ina jiran tafi.

Tafin ya zo. Bayan minti ashirin kiran Malama ma ya zo.

"Musaddiƙ, babban ɗigon nan na bayan dutse, na wa ne?"

"Na Ardo Daudu ne, Malama. Amma ai na cire suna."

"Kai da ka je sau uku ka gane shi ba suna. Mai goro a kasuwar Gwiwa ma zai gane shi. Wanda yake neman shanun sata, suna yake nema ko hanya?"

Na goge ta nan take, Malama ta sa kowa ya goge, ta bi mutum arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wanda ya tura wa wani. A nan aka gano Haladu ya riga ya tura wa yayansa mai fataucin dabbobi a Babura, don ya nuna masa irin aikin da muke koya. Yayan kuma ya saka ta a guruf ɗin 'yan kasuwa, inda akwai mutanen da shi kansa bai san fuskarsu ba, wasu ma a tsallaken iyaka suke. Taswirar ta fita daga hannunmu.

Zan faɗi gaskiya, shawarar da na kawo ita ce a yi shiru. Na ce wataƙila babu wanda ya kula, kuma idan Fulanin nan suka ji, ba za su ƙara yarda da kowa ba. A raina kuwa takardar shaidata nake tunani, saura mako uku a ba mu. Malama ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mai shi ya sani?" Ta ce in same ta a tasha ƙarfe bakwai na safe.

Muka hau motar Gwiwa, daga can 'yan acaba biyu suka kai mu ruga. Ardo ya fito da zolayarsa a baki, da ya ga fuskar Malama sai ya haɗiye ta. Ta ƙi hawa tabarma, ta durƙusa a ƙasa da lafayarta mai tsada.

"Baffa Ardo, na yi maka alkawari, kuma an karya. Ɗalibina ne ya yi, ni na koyar da shi, saboda haka ni na karya."

Ta miƙa masa waya, ta yi masa bayanin komai, ba ta rage ba. Ni ma na buɗe baki da ƙyar na ce ni na zana, ni na tura. Ardo ya daɗe yana kallon taswirar.

"Wannan jan tulun, ni ne?"

"Kai ne, Baffa."

"Kun ƙara mini ƙiba." Babu wanda ya yi dariya. Ya ce, "Mutum nawa suka gani?"

"Ba mu sani ba," in ji Malama. "Abin da ya kawo mu ke nan."

Can ya ce a kawo fura. Ya ce, "Da kun yi shiru, ba zan taɓa sani ba, sai ranar da na wayi gari na tarar da turaku babu komai. Tashi ki hau tabarma, Babarbariya, kada a ce na wulaƙanta baƙuwa." Sannan ya juyo kaina. "Kai kuma mai zane, tunda ka nuna wa duniya inda muke, gobe da kai za mu tashi."

Na zaci wasa yake yi. Washegari da fitowar rana aka miƙa mini sanda. Da takalmin ofis na bi shanu, cikin kara da ƙaya, har la'asar. Wata farar saniya ta tsane ni tun daga farko, duk inda na tsaya nan take son bi. Matan ruga suna bisa jakuna da ƙore suna ta dariya, wata tsohuwa ta tambaye ni ko kwamfutar ba ta koya mana tafiya ba. Na dawo Kazaure da ƙafafu a kumbure, kwana huɗu ina sa silifas. A kwanakin nan Malama ta zaga sauran rugage shida da ƙafarta, a kowacce ta faɗi abin da ta faɗa wa Ardo.

Abin dariyar ke nan. Wanda ba na dariya ba shi ne, mutanen nan sun bar wuri mai tafki a kusa, suka koma inda sai an yi tafiyar awa guda kafin shanu su sha ruwa, kuma haka suka yi ta yi har damina ta faɗi. Ɗigon da na yi cikin minti ɗaya, su suka biya shi da ƙafafunsu wata shida. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Saniya ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ko ɓarayi sun ga taswirar ko ba su gani ba, Allah kaɗai ya sani. Da shekara ta zagayo Ardo ya sake yarda aka ƙirga, amma da sharaɗin Babarbariyar ta zo da kanta.

Malama, ke ce kika kai rahoton abin ga shugaban cibiya a rubuce, ba ki ɓoye ba, kuma ke ce kika tsaya kika ce kada a kore ni, domin wanda ya bi shanu da ƙafa kan kuskurensa ba zai sake ba. Ke ce kika kira ni bayan wata biyu kika ce, "Ina son in sa labarinka a gwangwani. Ka yarda?" Kika ce kin riga kin tambayi Ardo. Kika mayar da shanu raƙuma, kika ɗauke rugagen kika kai su wata ƙasa, ni kuma kika mayar da ni mace. Da na yi ƙorafi kika ce Sadiyya ta fi ni hankali, ita da kanta ta ce a je a faɗa.

Shekara uku bayan haka kika gayyace ni in yi wa sababbin ɗalibai magana kan zana taswira, kika kuma zaɓi ranar ki zaro ambulan na ashirin da uku. Ina zaune a gefenki wani saurayi ya miƙe ya ce, "Wallahi Malama, Sadiyyar nan daƙiƙiya ce, a kore ta kawai!" Aji ya ɗauki tafi. Kika juyo da fuskar nan taki da ba ta nuna komai, kika ce, "Malam Musaddiƙ, kai da kake babban ma'aikaci, me ka gani?" Na ce a yi mata sassauci. Ko murmushi ba ki yi ba. Shekara takwas ɗalibai suna cacar baki kan wace ce Sadiyya, wasu har sun rantse sun san gidansu, ba ki taɓa ko kallon inda nake ba.

Ba ni kaɗai nake da shaida ba. Zara tana ofishinki ranar da wani babba ya aiko a ba shi lambobin wayar matan da aka yi wa tambayoyi kan haihuwa, wai zai tura musu saƙon gaisuwa gab da zaɓe. Ta ce kin ba ɗan aiken kujera, kin ba shi ruwa, kin tambayi iyalinsa, sannan kika ce ya gaya wa mai gidansa matan ba su ba ki lambar don gaisuwa ba. An yi wata uku ba a sa sunanki a wani taro ba. Zara ta ce kin ce kin huta da shinkafar taro.

Ranar Alhamis aka yi walimar sallama a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na harabar cibiyar. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga Babura da Roni da Gwiwa, wasu da 'ya'ya a hannu. Ana tsakiyar jawabai sai ga Ardo Daudu a bayan ɗan acaba, ya tsufa, rungume da ƙwaryar man shanu. Haladu ne mai gabatarwa, kuma har yau bakin nan bai huta ba. Ya kai masa lasifika ya ce, "Baffa Ardo, yau ranar farin ciki ce, a gaya wa jama'a, shanu nawa ne yanzu?"

Ardo ya nuna Malama da sandarsa. "Tambayi Babarbariyar can. Ita na ba wa ajiya."

Kowa ya juya. Malama ta gyara lafaya ta ce, "Ni na tsufa, mantuwa ta kama ni."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ardo bai mayar da lasifikar ba. Ya ce, "Mutane da yawa sun zo rugata da takarda. Ita kaɗai ce ta taɓa dawowa ta ce an yi mini ba daidai ba, tun ban sani ba." Ya ajiye ƙwaryar a gabanta ya koma ya zauna. A nan ne na ga Malama ta sa gefen lafaya a ido.

Gwangwanin ta miƙa wa Zara, wadda za ta gaje ta a aji. Ambulan hamsin da ɗaya ne a ciki. Zara ta tambaye ta ina takardar da ke nuna ainihin sunayen mutanen, don a adana. Malama ta taɓa goshinta da yatsa ta ce babu takarda, ba a taɓa yin ta ba.

Da na kai mata wannan rubutu ta duba, jan biro ta ɗauko. Ta soke shekarunta, ta soke unguwarsu, ta soke yawan jikokinta. Da ta zo kan labarin ruga ta ɗago kai, ni kuma na riga ta. Na ce na je na tambayi masu shi. Ardo ya yarda, shi ya zaɓi sunan Daudu da kansa, ya ce in ce tsakanin Gwiwa da Roni in tsaya nan. Zara ta yarda. Haladu ya yarda bisa sharaɗin in rubuta cewa ya fi kowa kyau a ajinmu, ga shi na rubuta, alhakin yana wuyansa. Sadiyya kuma, na ce mata, ta gaji da ɓuya.

Ku da kuke riƙe da sirrin mutane a waya da kwamfuta da kati, a asibiti ko makaranta ko ofishin gona, ba sai kun yi kwas ɗin Malama ba. Kafin ku tura, kafin ku nuna wa aboki, kafin ma ku yi gaisuwa a kasuwa, ku yi wa kanku tambayar nan tata. In kuma abin ya riga ya kuɓuce, ku hau mota ku je ku faɗa wa mai shi da bakinku.

Malama Ya Kura, mai gwangwani da kwaɗo, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa mutanen da ba su ma san kin rufa musu ba. Adadin da Ardo ya raɗa mini a kunne yana nan a kaina har yau, ban manta ko ɗaya ba. Na yi aure, na haihu, na canza wurin aiki sau biyu, kuma ko matata ba ta taɓa jin sa ba.